Batta, Lofe da Farantin Toka: Gadon da Ba a Rige-rigen Ɗauka

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yadda abin yake tafiya. A lissafa gida da gona, a ƙirga shanu da awaki, a yi wa manyan riguna kuɗi. Can a ƙasan adakar mamaci kuma sai a tarar da wasu 'yan tarkace da kowa ke kawar da kai daga gare su: battar taba da ta yi baƙi don shan hannu, lofe mai tsagaggen baki, ko farantin zuba tokar sigari mai tambarin kamfani. Wani ya ce a zubar, kada a tona wa tsoho asiri. Wani ya soke a aljihu ba tare da ya ce uffan ba.

Ni dai ina roƙon kada a zubar, kada kuma a ɓoye. A ajiye, a faɗa wa yara gaskiyar abin da ke tattare da su.

Taba ba tsiron ƙasarmu ba ce. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16. Tun isowarta malamai suka yi ta muhawara a kanta. Shehun malami Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka ga halaccinta, wasu malaman zamaninsa kuma suka haramta. Duk da haka ta samu gindin zama. Aka riƙa nomanta a fadamu da bayan gida, ana daka ganyenta da kanwa a yi taba gari, wasu su ɗura a baki, wasu su shaƙa, wasu su cusa ganyen a tukunyar lofe su kunna. Mata kuwa suka ɗauki furenta suna goga wa haƙora tare da goro don ado. Har ta shiga bakin magabata, suka ce taba ta bambanta da garin gero.

Ku ɗauki battar nan ku duba da kyau. Ɗanyar fata aka jiƙa, aka lulluɓa a kan ƙirar yumɓu, da ta bushe aka farfasa yumɓun aka zazzage, fatar ta tsaya da siffarta, da murfinta daidai wa daida. Irin aikin da ake yi wa tandu ke nan, sana'ar da yau masu ita sun yi ƙaranci, roba ta kore su daga kasuwa. Tukunyar lofe aikin magina ce ko na maƙera. Wanda ya jefa waɗannan a bola, ya jefar da shaidar hannun mutanen da ba su bar sunansu a rubuce ko'ina ba.

Farantin toka kuma labarinsa daban ne. Shi ɗan zamanin sigari ne, zamanin akawu da ma'aikatan jirgin ƙasa da tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama. Kamfanin taba na Nijeriya ya buɗe masana'anta a Zariya a 1959, manoma da yawa a yankin suka shiga noma masa ganye, iyalai suka ci abinci da kuɗin. A lokacin, farantin toka a kan teburin falo alama ce ta wayewa da karrama baƙo. Kamfanoni suna buga sunan hajarsu a jikinsa, ya zauna a ɗakin mutum shekara da shekaru yana yi musu talla kyauta.

A nan ne ya kamata mu yi wa iyayenmu adalci. A 1950 ne masu bincike biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fitar da binciken da ya danganta shan sigari da sankarar huhu. Babban rahoton hukumar lafiyar Amurka ya biyo baya a 1964. Kafin wannan ilimi ya iso ƙauyukanmu an ɗauki shekaru, alhali tallar ta riga ta iso tun tuni. Cikakkiyar dokar taƙaita shan taba ta Nijeriya ma sai a 2015 aka sanya mata hannu. Tsohon da ya fara zuƙa yana saurayi bai san abin da ni da kai muka sani ba.

Mu kuwa mun sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin na kusa da su ne ya cinye su. Iyaye mata nawa ne suka share shekaru suna wanke wannan faranti, suna kwana cikin hayaƙin? Taba gari ma ba ta tsira ba, tana jawo sankarar baki.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Gaskiya ne. Amma uba nagari bai taɓa fatan ɗansa ya gaji tarin da ya hana shi barci ba. Abin da za a gada shi ne haƙurinsa da zumuncinsa da guminsa.

Don haka idan irin wannan kaya ya faɗo hannunku, ku fara da neman yardar sauran magada, domin ko allura ce haƙƙinsu ce. Ku je wurin gwaggo ko kawu tun suna raye, ku tambayi wanda ya ƙera, da kasuwar da aka saya, ku rubuta. In ba ku da wurin ajiya, ku tuntuɓi gidajen tarihi irin su Gidan Makama a Kano ko Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai. In kuma yaro ya tambaya, kada a ce masa kwanon ado ne. A gaya masa na Kaka ne, ga abin da yake yi da shi, ga abin da ya jawo masa, ga dalilin da ya sa mu ba ma sha.

Wanda kuma har yanzu yake sha, ba gori nake masa ba. Ya je asibiti ya nemi taimakon bari, jiki yana fara murmurewa tun daga ranar da aka daina. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya yafe musu, Ya ba mu lafiya mai amfani.