DAGA DICHEMSO ZUWA TAMALE: BUHUN GAWAYI YA SHIGA GIDAN KALLO

A wannan wata filinmu na zaga ƙasa daga ƙofar gida ya fara, wato nan Dichemso, sa'an nan ya miƙa har Tamale. Abin da ya tashe mu kuwa wata magana ce da muka daɗe muna ji a bakin mutanenmu, wai gidan kayan tarihi da na zane-zane wurin Turawa ne da 'yan boko, ba ruwan ɗan zango da shi. Wasu ma gidan gumaka suke ce masa. To, gani ya kori ji. Mu huɗu muka ware kwana 3 don mu shiga waɗannan gidaje, mu kuma ci abincin da ake sayarwa a kusa da su.

Ba a zuwa gidan sarki da yunwa, saboda haka sai da muka tsaya wajen wata dattijuwa mai koko a bakin titi. Kokon gero ne mai citta da kanumfari da ɗan barkono, ga ƙosai yana fitowa daga mai. Cikin masu jira a layi, Tonawa, kamar yadda kakanninmu ke kiran mutanen Asante, sun fi mu yawa. Duk faɗin Ghana da sunan Hausa ake kiran wannan koko, har wanda bai iya "sannu" ba.

Daga nan zuwa fadar Manhyia tafiyar ƙafa ce. Gidan da aka mayar na tarihi shi ne wanda Ingilishi suka gina a 1925 don Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya komo a 1924 daga tsibirin Seshel. Tun 1896 suka kama shi suka fitar da shi daga ƙasarsa. An buɗe gidan ga masu kallo a 1995, zamanin Otumfuo Opoku Ware na Biyu. A ciki akwai kujeru da kayan ɗaki da hotunan sarakunan da suka zauna a gidan. Akwai kuma mutum-mutuminsu, suna zaune kamar masu rai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba sai ya kau da kai ya wuce gaba, domin abin gani na gaba.

A 2024, shekarar da Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya cika 25 a kan gado, aka dawo da wasu kayan zinariya da sojan Ingila suka kwasa, galibi a yaƙin 1874 lokacin da Wolseley ya ƙone Kumasi. Guda 32 sun zo daga manyan gidajen tarihi biyu na Landan, cikinsu har da takobin sarauta da ake kira Mpomponsuo da wata lofe ta zinariya. Wasu 7 sun zo daga gidan tarihi na Fowler a Amurka. Na Amurka an mayar da su ne dungurungum. Na Landan kuwa aro aka bayar na shekara 3, da sharaɗin ana iya ƙara wasu 3. Mai kaya ke nan yake aron kayansa a hannun wanda ya ɗauke masa. Mun daɗe a tsaye a gaban gilashin nan ba wanda ya ce uffan.

Kada ɗan zango ya ce wannan labarin wasu ne. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu, suna yi masa rubutu da addu'a. Babbar rigar yaƙin Asantehene, batakari kese, a rufe take da layu, kuma kowa ya san masu rubuta laya. A ɗaya gefen kuma, cikin rundunar da ta zo wa Kumasi a 1874 akwai sojojin da ake kira Hausawa, waɗanda Kyaftin Glover ya ɗebo daga Ikko. Ashe ta ko'ina aka juya labarin muna ciki, da daɗinsa da ɗacinsa.

Da rana ta take sai muka nemi waakye. Sunan ma namu ne, shinkafa da wake ce aka gutsure mata suna. Karan dafi ke ba ta jan launin nan, kanwa kuma ta sa waken ya nuna. Aka zuba mana a ganye, da taliya da garin rogo da shito da ganda da dafaffen ƙwai. Baƙi biyu farare da muka gani a Manhyia da safe, mun ga motarsu ta wuce da su cikin gari neman abinci a otal, alhali ga wannan tukunya a bayan katanga. Ba wanda ya gaya masu.

Da la'asar muka leƙa Jami'ar Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tek. Ba gidan kallo ne na kullum ba, sai mutum ya dace da lokacin da ɗalibai ke baje ayyukansu. Amma ya kamata a san cewa daga sashen zane na wannan jami'a El Anatsui ya fito, wanda ke ɗinke marafan kwalba su zama kamar ƙaton zane na sarauta. A nan ne kuma wasu malamai, cikinsu har da Karikacha Seidou, suka kafa ƙungiyar blaxTARLINES a 2015. Abin da suke koya wa ɗalibai shi ne, ba dole sai da fenti da allon zane na Turai ake fasaha ba, abin da ke kasuwa da juji da bakin titi ma ya isa. Ɗalibinsu da ya fi shahara shi ne Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987, kuma saboda shi muka kama hanyar arewa da asuba.

Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Techiman, Kintampo, gadar Buipe, gadar Yapei. Kusan hanyar da fataken goro suka bi da jakuna, mu muka bi a zaune cikin awa 7, muna ƙorafin zafi.

Kowa a zango ya san buhun da Mahama ya yi suna da shi. A Indiya da Bangaladash ake saƙa shi, hukumar koko ta Ghana ta shigo da shi a zuba koko. In ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun 'yan kasuwa, ya ɗauki masara ko shinkafa, a ƙarshe ya zama buhun gawayi, baƙi ƙirin, ga faci, ga sunan mai shi an rubuta da fenti. A da muna da masaƙar irin wannan buhu a Ahinsan nan Kumasi, ta zamanin Nkrumah, ta daɗe da mutuwa. Mahama yakan karɓi tsofaffin a hannun 'yan kasuwa, ya ɗauki mutane da yawa, cikinsu har da 'yan kayayo, su ɗinke su wuri ɗaya, sa'an nan ya lulluɓe gini sukutum da su. Ya yi haka a babban baje kolin Benis ta Italiya a 2015, ya lulluɓe gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Ankara a 2016. A 2024 kuma ya rufe bangon ginin Barbican a Landan da wani ƙyalle mai ruwan hoda wanda ɗaruruwan masu sana'a suka ɗinka da hannu a filin ƙwallo na Tamale, aka liƙa masa tsofaffin rigunan batakari.

Kuɗin da ya samu a waje bai gina otal da su ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah, SCCA a taƙaice, ya fara ta da ayyukan dattijon mai zane Kofi Dawson. A 2020 ya buɗe Red Clay, wato jar ƙasa, a bayan gari. Nan muka fi daɗewa. Manyan zaure ne na jan bulo, dogaye kamar rumbunan gwamnati. A fili ga tsofaffin jiragen sama a ajiye, an mayar da cikinsu ajin yara. Ga tarago da kan jirgin ƙasa na zamanin mulkin mallaka, an ɗauko su a kan manyan motoci daga kudu, aka kawo su garin da dogo bai taɓa zuwa ba. Akwai wani zaure da ya kira Majalisar Fatalwa, mai matakai kamar inda wakilai ke zama, ba kowa a ciki sai iska. Ba a karɓi ko kwabo a hannunmu ba a ƙofa. Yaran unguwa muka tarar suna shiga da fita, wasu ba takalmi, ba mai korarsu.

Ɗaya daga cikinmu, wanda mahaifinsa ya yi dako a tsohuwar Kejetia har ƙarfinsa ya ƙare, ya tsaya a gaban wani ɗinkakken buhu ya kai hannu kamar zai shafa, sa'an nan ya janye. Ya ce shi bai taɓa tunanin za a rataye wannan abu a bango a ce a zo a kalla ba. Mu dai ba mu ga gunki a wannan zaure ba. Gumin talaka muka gani.

Muna da 'yar tambaya duk da haka. Aikin buhu ɗaya in ya kai Landan kuɗinsa ya fi abin da mai gawayi zai samu a shekaru. Gaskiya ne an biya masu ɗinki, an kuma gina wa yaran Tamale wuri. Amma sunan da ke kan buhun ba shi ne sunan da ke kan takardar ciniki ba.

Da magariba muka zauna a wata rumfar tuwo. Tuwon zafi ne mai laushi, da miyar ayoyo, wato lalo, mai ƙanshin daddawa, da naman zabo. Mai tuwon da ta ji Hausarmu ta ce, "'Ya'yana, daga Kumasi? To ku ci da kyau, na can tuwon 'yan birni ne." Muka ce, "Inna, mun yarda." Ta ƙara mana miya. Da safe kuma tubani da wasawasa, da mai da yaji.

Wannan haɗi na gidan kallo da tukunya akwai inda aka ɗauke shi da gaske. A Japan akwai wasu ƙananan tsibirai a tekun Seto waɗanda matasa suka watse suka bar wa tsofaffi. Naoshima, mai mutane wajen 3,000, kamfanin Benesse ya buɗe gidan fasaha a cikinta a 1992, ya ƙara wani a ƙarƙashin ƙasa a 2004, tun daga 1998 kuma ake ba masu fasaha kangayen gidajen ƙauye su gyara su zama wurin kallo. A Inujima tsohuwar masana'antar narka tagulla aka mayar gidan kallo a 2008. A Teshima, tsibirin da ya yi fama da sharar masana'antu da aka jibge masa ba bisa doka ba, an buɗe gidan fasaha a 2010, kuma a shekarar aka gyara wani kango ya zama gidan abinci inda matan tsibirin ke dafa kifinsu da ganyensu wa baƙi. Wato mai kallo ba zai bar tsibirin ba sai kuɗinsa ya shiga hannun mai girki.

Mu namu kayan suna ina? Waƙoƙi da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, Bakanon malamin da ya rasu a 1934, da ɗaruruwan takardun Larabci da ajami na malaman ƙasar nan, Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ce ta bi gida-gida ta ɗauki hotonsu a shekarun 1960. Abin da ba ta kai gare shi ba yana cikin adaka a Aboabo da Yalwa da Asawase, gara na ci, in an yi rabon gado a rasa wanda zai ɗauka. Haka tsofaffin alluna da gafaka da takardun cinikin goro da hotunan sarakunan zango. Ɗaki biyu da kabad mai gilashi sun ishe su, kusa da Manhyia inda baƙi ke zuwa da ma, da rumfar koko da waakye a ƙofa. Wannan magana muna miƙa ta ga Sarkin Zango da limamai da ƙungiyoyin matasa.

Kafin mu hau mota mun biya ta wuri na uku da Mahama ya buɗe a 2021, Nkrumah Volini. Rumbun hatsi ne na kankare da aka fara a zamanin Nkrumah, aka watsar da shi bayan juyin mulkin 1966. Da aka buɗe shi an tarar jemagu sun daɗe da tarewa a ciki, sai aka bar masu samansa, mutane suka ɗauki ƙasa. Wanda zai je ya riƙe hula.