Yadda Redis guda ya kusa raba ni da kwastoma

1/ Masu kodin, ku matso ku ji abin da rowar kuɗin saba ta ja min.

2/ Manhajoji biyu na ɗora a saba ɗaya, duka Laravel: ɗaya ta wata Hajiya mai sayar da atamfa, ɗaya ta wata makaranta. Na ce ai Redis guda ya ishe su ajiyar wucin gadi a RAM, ba sai an riƙa zarya zuwa rumbun bayanai ba.

3/ Ranar Asabar da safe Hajiya ta kira: "Ɗana, lambar asusun wa nake gani a shafina?" Gabana ya faɗi. Asusun makarantar ne, ga masu saye suna shirin tura kuɗi.

4/ Laifina ne. Na kwafi .env ban canza APP_NAME ba, alhali daga shi Laravel ke haɗa sunan da yake maƙala wa makullansa. Su biyun suna ajiye "settings" a gurbi ɗaya. Wanda ya riga rubutawa, nasa kowa ke karantawa.

5/ Na canza suna, na ɗauka an gama. Ashe cache:clear FLUSHDB yake kira, ba ruwansa da suna, na kowa yake sharewa. Redis na zuwa da ɗakuna 16, daga 0 zuwa 15, sai na ba kowa nasa.

6/ Saura maxmemory, ita ɗaya ce ga duka ɗakunan. In ta cika, makaranta na iya korar makullan shago. Ƙarshe dai na tayar wa makaranta Redis ɗinta a 6380, shago ya zauna a 6379.

7/ Hajiya kuwa har yau kullum sai ta leƙa lambar asusun da idonta kafin ta buɗe shago.