Fadamar Haɗejiya da Kwanon Gwaggona

 A hutun da ya wuce, lokacin ɗari, na tafi Haɗejiya duba gwaggona. Na tarar da ita ta yi tagumi. Likita ya ce ciwon sukari ne, ta rage tuwo da shinkafa da fura. Ta ce mini, "Ke 'yar nan, wadda aka haifa a bakin fadamar shinkafa, a ce ta rage shinkafa, to me za ta ci? Iska?"

Wannan magana ta hana ni barci. Gari na wayewa na bi ɗanta zuwa lambunsa a bakin kogi, ko na samo mata amsa.

Kun sani Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake tahowa. In ya wuce gari sai ya bazu cikin fadamu wajen Kirikasamma da Guri har Nguru. Da damina ya malale, da kaka ya janye ya bar laka mai albarka. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 malalar ba ta kai ta da ba, amma masu lambu ba su zauna ba, inda jigo yake a da yanzu inji ne ke ruri. Ko'ina kuka duba fangali ne: tumatir, tattasai, albasa, kabeji, yalo, alayyafo.

Can gefe na ga wani fangali da ban gane shukarsa ba. Ɗan gwaggo ya tuge ɗaya ya miƙo mini. Saiwa ce ja, kamar ƙaramar albasa, cikinta fari fat. Ya ce sunanta radis, a Kano ya sayo irin don gwaji. Tana son sanyi, kuma mako huɗu ko biyar ta isa cira.

To, ga abin da ya sa na yi murna. Sitaci shi ne abin da jiki ke mayarwa sukari. A giram 100 na dafaffiyar shinkafa akwai wajen giram 28 na irin wannan, a dankalin Turawa wajen 20, a radis kuwa bai kai 4 ba. Ɗanyarta tana da ɗan yaji, amma in ta dahu yajin ya tafi, ta yi laushi kamar dankali.

Da yamma na yanka ta gida biyu biyu, na zuba cikin miyar tarwaɗa. Ganyenta ma ban zubar ba, na haɗa da alayyafo. Na sa wa gwaggo rabin malmala, miya kuwa har bakin kwano. Ta cinye, ta ce, "Ashe ana ƙoshi!"

Ba sai kun sami radis ba. Kabeji da yalo da zogale da kuɓewa duk za su yi wannan aiki. Dabarar ita ce a juya kwano: miya da ganye su yi yawa, tuwo ya zama kaɗan. Amma mai shan magani kada ta rage abinci da ka, ta fara tambayar likita, don sukari yakan faɗi ƙasa ƙwarai, wannan ma haɗari ne.

Ranar da zan taho na iske gwaggo tana yi wa ɗanta faɗa, wai don me fangali ɗaya kawai ya shuka.

Allah ya ba mu lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.