Da salula ɗaya muka fara

Bara ruwan damina ya jiƙe littafin bashin shagon Baba, sunaye suka goge, kuɗi suka bi ruwa. Sai mu 'ya'yansa muka ce wallahi sai mun haɗa manhajar rubuta bashi.

Ba mu da kwamfuta, salula ɗaya ce mai fasasshen gilashi. Da Sketchware muka fara, inda ake jera umarni kamar ginin bulo. Wata uku muna fama, kuran na ɗaukewa, forfe na ƙarewa. Sa ta a Play Store sai dalar Amurka 25, ba dalarmu ta gida ba, sai muka tura wa maƙwabta ta Xender.

Yanzu Baba na danna suna, bashi ya fito. Amma har yau yana ajiye sabon littafi cikin leda.