GIDAN HAYA A KAN DUTSE MAI AMAN WUTA

Tun da hotunan fararen gidajen Santorini suka cika wayoyinmu, kowace amarya sai ta ce can za a kai ta. To bari wadda ta je ta ba ku labari.

Santorini tsibiri ne a ƙasar Girka, kuma shi kansa dutse ne mai aman wuta. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce ya yi wata gawurtacciyar fashewa, tsakiyarsa ta rufta, teku ya cike ramin. Garuruwan Fira da Oia da kuke gani a hoto a bakin wannan ramin suke zaune, wani wurin tsayinsa ya kai mita 300. A tsakiyar ruwan akwai Nea Kameni, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1950.

A 2024 maigida ya ce zai kama mana gida na sati guda, mu tafi har da Hajiya mahaifiyarsa. Ya nuno min hoto yana murmushi, har ya ɗauko katin banki zai biya kafin alƙalami. Na ce, "Yallaɓai, don Allah dakata, a tambayi mai gidan abu uku." Ya ce, "Ke fa da tsirfa kike, komai sai kin mai da shi littafi." Na yi shiru ban ja ba, sai da ya ci abinci ya nutsu na sake tayar da maganar.

Na farko, matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofa? Yawancin gidajen bakin ramin a jikin dutse aka fafe su, mota ba ta isa. Gidan da ya zaɓa sai an gangara doguwar matakala, ga Hajiya da ciwon gwiwa. Na biyu, wa ke hango tsakar gidan? Gidajen a jere suke wani bisa wani, mai wucewa ta sama yana kallon ɗan tafkin wankan da ake yi wa talla. Mace mai kunya ina za ta sake? Na uku, in an fasa tafiya, ko biza ba ta fito ba, za a dawo da kuɗi? Mai gidan ya ce sam.

Ai kuwa muka bar shi, muka kama wani mai katanga a Kamari, gefen teku mai baƙin yashi, inda ƙasa take a shimfiɗe. Ruwan sha dai na gora muka riƙa saye, don tsibirin ba kogi, ruwan teku ake tacewa. Hajiya ta yi tafiyarta da ƙafarta, ta dawo tana sa mana albarka.

A farkon 2025 girgizar ƙasa ta dinga kaɗa tsibirin har makonni, aka rufe makarantu, dubban mutane suka fice. Maigida ya ga labarin a talabijin ya juyo ya ce, "Da a kanmu ta faɗa, da tambayarki ta uku ce za ta cece mu."

'Yar uwa, kafin kuɗi su fita ki yi magana, amma ki zaɓi lokaci, ki tausasa harshe. Allah Ya bar mu da mazajenmu, amin.