Fatsar Hannu da Fatsar Kanti

Ya kai mai karatu, a cikin sana'o'in Hausawa akwai wadda sunanta bai wuce harafi biyu ba, ita ce su, wato kamun kifi. Mai yin ta shi ne masunci, idan suna da yawa a ce masunta. Waɗanda suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, musamman a ƙasar Kabi da Yawuri, su ake kira Sarkawa. Ni malamin harshe ne, alli da allo su ne kayan aikina. Amma na daɗe ina lura da wata gasa da ake yi a kasuwanninmu tsakanin kayan su iri biyu: wanda mutum ya haɗa da hannunsa domin masuncin da ya sani, da wanda inji ya ƙera a wata ƙasa mai nisa domin duk wanda ya zo da kuɗi. Ina so mu duba wannan gasa tare, domin abin da ke cikinta ya wuce ciniki.

Bari in fara nuna maka inda nake. Garinmu Udubo yana cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauchi, a da kuma yana ƙarƙashin Masarautar Katagum, wadda fadar sarkinta take Azare. Ƙasarmu ƙasar rairayi ce, daminarmu kuma gajera ce, ba ta cika wuce wata huɗu ba. Babban kogin masarautar shi ne Kogin Jama'are. Yana tasowa daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi, ya wuce ta kusa da garin Katagum, sannan ya haɗu da Kogin Haɗeja a wajen Gashuwa, su nufi Tafkin Chadi tare. Idan ruwa ya cika da damina yakan malala cikin fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Idan kaka ta wuce ruwan ya janye, sai ya bar tafkuna da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da gaiwa a cikinsu. A lokacin ne manomi yakan jingine fartanya ya ɗauki kayan su.

Kayan su suna da yawa, kowanne da sunansa da aikinsa. Homa ƙaramar raga ce mai baki na itace, ana riƙe ta a hannu a kamfato kifi da ita. Birgi shi ake jefawa ya buɗe kamar laima kafin ya nutse. Taru dogo ne ƙwarai, sai mutane da yawa suke iya jan sa. Mamari doguwar igiya ce mai ɗauke da ƙugiyoyi birjik. Sankiya da undurutu kuwa tarkuna ne da ake saƙawa a girke cikin ruwa. Mafi sauƙi a cikinsu ita ce fatsa. Ba ta bukatar komai sai sanda da zare da ƙugiya, da ɗan dalma mai nutsar da ƙugiyar, da totuwar kara mai yawo a saman ruwa. Ana soka tana ko fara a ƙugiyar, shi ne koto. Da zarar totuwa ta nutse, masunci ya san kifi ya ci koto, sai ya fizgo.

Za ka iya zaton abu mai sauƙi haka ba ya bukatar gwani. Akwai wani dattijo a yankinmu, duk muna kiran sa Baba, wanda na sha zama a gefensa yana haɗa wa mutane fatsa. Ba ya taɓa miƙa wa mutum sanda sai ya tambaye shi ruwan da zai je da kifin da yake nema. Tarwaɗa tana kwana a ƙasan ruwa kusa da laka, tana da ƙarfin ja, saboda haka mai nemanta sai sanda kakkaura da zare mai kauri. Karfasa bakinta ƙarami ne, tana taɓa koto a hankali, sai sanda siririya mai lanƙwasa wadda za ta isar da motsin kifin zuwa tafin hannu. Bayan tambaya, Baba yakan auna sandar da tsawon hannun mai saye. Itacen da yake aiki da shi kuwa ya daɗe da sarowa, ya bushe a inuwa, an miƙar da shi a kan garwashi, an shafe shi da mai don kada ya tsage. A zamanin ƙuruciyar Baba, maƙerin gari ne yake ƙera ƙugiya, zare kuma da auduga ko rama ake murza shi.

To, yanzu mu leƙa kanti. Kamfanin Mustad na ƙasar Norwe ya fara ƙera ƙugiya da inji a shekarar 1877, daga baya ƙugiyoyinsa suka shiga kasuwannin duniya, har da namu. A shekarar 1935 aka ƙirƙiro zaren roba da ake kira nailan a kamfanin DuPont na Amurka, ba a daɗe ba kuma aka fara yin zaren fatsa da raga da shi. A yau akwai sandunan da ake yi da zaren gilashi, wasu suna shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo, ga kuma ɗan ƙarfe mai juyawa da ke naɗe zare. Kamfanonin Japan irin su Shimano da Daiwa sun yi suna a wannan fanni, birnin Weihai na ƙasar Sin kuma yana cikin manyan wuraren da ake ƙera irin waɗannan sanduna a duniya.

Adalci shi ne a faɗi alherin kayan kanti. Ragar auduga tana shan ruwa ta yi nauyi, kullum sai an shanya ta, in ba haka ba ta ruɓe. Ragar nailan ba ta ruɓewa, ba ta da nauyi, siririyarta kuma kifi ba ya ganin ta da kyau a cikin ruwa. Ƙugiyar inji tana da kaifi, ga lamba a jikin kwalinta da ke nuna girmanta, ga araha. Talaka da ba zai iya jiran maƙeri ba yana iya sayen ƙugiya goma yau, gobe ya ci miyar kifi. Shi ya sa ƙugiyar maƙeri da zaren rama suka kusa ɓacewa. Ko Baba kansa, da ƙugiyar kanti da zaren nailan yake aiki yanzu.

Me ya sa ke nan har yau ake zuwa wurinsa? Dalili na farko shi ne dacewa. Wanda ya zana sandar kanti bai taɓa ganin tafkinmu ba, bai san akwai ƙaya da ciyawa a bakinsa ba. An yi ta ne domin ta yi wa kowa aiki daidai gwargwado, ita kuwa ta hannu mutum ɗaya aka yi wa. Na biyu shi ne gyara. Idan sandar gilashi ta karye, ko ƙarfen naɗe zare ya cije da yashi, da wuya a samu kayan gyaransa a ƙauye. Sandar itace kuwa a ɗaure ta ko a saro wata. Na uku shi ne amana. Sunan kamfani a jikin leda ba kullum yake nufin kayan kamfanin ne a ciki ba, domin jabu ya yi yawa, kuma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mai haɗa fatsa a gari ba shi da inda zai ɓuya. Idan aikinsa ya yi kyau a ji a kasuwa, idan ya ɓaci ma a ji. Ga kuma tsada: tun da darajar naira ta faɗi sosai daga shekarar 2023, duk abin da aka shigo da shi daga waje ya ƙara kuɗi.

Kada ka ɗauka talauci ne kaɗai yake riƙe da aikin hannu. A Japan, ƙasar su Shimano, har yanzu akwai gwanayen da suke haɗa sandar fatsa da itacen gora, su shafe ta da ƙaro mai sheƙi, ana kiran ta wazao. A Amurka da Ingila akwai masu tsaga itacen gora gida shida, su fere, su manne, ta zama sanda ɗaya. Irin waɗannan sanduna sun fi yawancin na inji tsada nesa ba kusa ba, mai saye kuma yakan jira watanni kafin a gama masa. A nan gida, dubi bikin kamun kifi na Argungu a Jihar Kebbi, wanda aka fara a shekarar 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Dubban masunta suna faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora, wato babban duman da ke taso da mutum a saman ruwa. Ka lura, gora ta itace da gora na duma rubutunsu ɗaya ne, a karin sauti suka bambanta. A shekarar 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Da kayan hannu ya kai wannan matsayi.

Amma babban abin da yake damuna shi ne kifin kansa. Mai saƙar raga da hannu da yatsu yake auna idonta, ya ce wannan yatsa biyu ce, waccan yatsa uku. Ya san idan ido ya yi ƙanƙanta zai kwashe 'ya'yan kifi, baɗi a shiga ruwa a fito hannu rabbana. Sarkin ruwa kuma yakan hana shiga tafki sai lokacin da ya dace. A yau ana sayar da raga mai ƙananan idanu a dunƙule, kowa ya yanka yadda yake so, wasu ma har da gidan sauro suke su. Idan ragar nailan ta yage aka bar ta a ruwa, ba ta ruɓewa, sai ta ci gaba da kama kifin da babu mai ci. Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da ruwan ma ya ragu. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru ta ja baya, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna a 1992, wadda ta haramta amfani da guba da nakiya. Sai dai jami'in gwamnati ba ya kwana a bakin tafki. Wanda yake wurin kullum shi ne masunci, kuma abin da ya koya wurin gwanaye shi ne yake hana shi ɓarna.

Akwai kuma asarar da ta shafi aikina kai tsaye. Idan na rubuta kalmar mamari ko sankiya a allo, kaɗan ne daga cikin ɗalibaina suke gane ta, alhali Hausa suka tashi da ita. Kalma tana rayuwa ne muddin ana taɓa abin da take nufi. Ranar da aka daina saƙa undurutu, sunansa zai koma ƙamus, tare da shi kuma a rasa sanin inda ake girka shi, da watan da ake girkawa, da kifin da yake shiga. Kwalin ƙugiya yana zuwa da lamba, amma ba ya gaya wa mai saye cewa kifi yana ɗauke da ƙwai a farkon damina, a ƙyale shi ya hayayyafa.

Ra'ayina ke nan, mai karatu. Fatsar da ta fi aiki a ƙasarmu a yau haɗin gambiza ce: ƙugiya daga masana'anta, zare daga masana'anta, sanda da ɗauri da awo daga hannun gwani. Inji ya sauƙaƙa mana kaya, mun gode. Abin da ba a sayarwa a kanti shi ne sanin ruwa da sanin iyaka, kuma wannan sani a hannun tsofaffi yake, waɗanda kullum raguwa suke yi. Kai da kake koyon Hausa, wataƙila Yarabanci ko Ibo ko Nufanci ko Tibi ko Ijo kake ji a gida, kuma babu mamaki akwai kogi ko rafi kusa da garinku. Idan an yi hutu, nemi mai saƙar raga ko mai haɗa tarkon kifi, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya faɗa maka sunan kowane kaya da harshenku. Ka rubuta su a littafinka, ka ajiye na Hausa a gefensu: homa, birgi, taru, mamari, fatsa. Sannan ka tambaye shi yatsa nawa ne idon ragarsa, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan awo.