Abin da Na Gani a Ɗigon Fitsari

Na taso a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, zakaran wannan unguwa ya yi cara a ji shi a waccan. Da bazara, in rana ta take, mukan sulale zuwa madatsar ruwa ta Tomas mu yi iyo. Ina ɗan shekara 12 na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Ban razana ba, domin yawancin sa'o'ina haka suke. Manya suka ce tsargiya ce, alamar yaro ya doshi balaga.

Sai da na shiga sakandaren kimiyya ta Dawakin Tofa na gane gaskiyar al'amarin. Wata rana malaminmu ya ɗora ɗigon fitsari a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, ya ce, "Zo ka leƙa." Na ga ƙwai mai ɗan tsini a ƙarshensa. Ya bayyana mana cewa ƙwan tsutsa ne: yana fita da fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga dodon koɗi, ya fito ya huda fatar mai wanka, ya zauna a jijiyoyin jinin mafitsara. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Ashe abin da muke kira balaga cuta ce da aka sani fiye da shekara 100, har da maganinta, praziquantel.

Tun ranar nake tambayar kaina: me ya hana wannan bayani isa ƙauyenmu? A wajenmu ilimin lafiya likita ne kawai da mai allura. Ba mu san akwai masu ƙare rayuwarsu a ɗakin gwaje-gwaje suna bin diddigin ƙwayoyin cuta ba. Wanda kuwa bai san yadda aka samo magani ba, jita-jita kan riga gaskiya zuwa kunnensa. Mun ga haka a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Saboda haka duk hutun da na je gida nakan zauna da yaran makarantarmu ta firamare, in zana musu tafiyar tsutsar nan a ƙasa da tsinke, cikin Hausa. Nakan gaya musu cewa a Jami'ar Bayero ana karanta ilimin ƙananan halittu da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, kuma ɗan manomi ba bare ba ne a can. Bara wata yarinya ta tambaye ni, "Malam, mace ma tana duba madubin?" Na ce ƙwarai kuwa. Da ɗan gari akan ci gari. Bayanin da ya fito daga bakinta gobe, uwarta ba za ta yi shakkarsa ba.